Yadda Za Ka Nazarci Jigon 'Yanci da Wayewa a Littafin Huckleberry Finn

Ɗalibin da aka ba shi aikin rubuta muƙala a kan ƙagaggen labarin Mark Twain mai suna Adventures of Huckleberry Finn yakan tarar da amsa tana jiran sa a shirye, wato cewa kogi shi ne 'yanci, tudu kuma shi ne wayewa da dokokinta, sannan yaro Huck ya gudu daga tudu ya faɗa kogi. Wannan amsa ba ƙarya ba ce, sai dai wanda ya tsaya a kanta rabin littafin ya karanta, domin mutum biyu ne, Huck da wani gudajjen bawa mai suna Jim, a kan gadon katakon da ke bin ruwan Mississippi, kuma abin da ya koro kowannensu daga gida daban ne da na ɗan'uwansa. Matakan da ke tafe za su nuna maka yadda za ka karanta babi 43 na littafin da idon mai neman hujja, har ka fito da matsayar da za ka iya karewa a gaban malami.

Mataki na farko: ka san zamanin da wurin

Littafin ya fito a Ingila a watan Disamba na 1884, a Amurka kuma a watan Fabrairu na 1885, amma marubucin ya sanar tun a shafin farko cewa abubuwan da ke ciki sun faru ne shekara 40 zuwa 50 kafin nan. Saboda haka zamani biyu za ka riƙe a kanka, zamanin da labarin ya faru da zamanin da aka rubuta shi.

A zamani na farko, jihar Missouri, inda labarin ya soma, wuri ne da doka ta halatta mallakar bayi tun shigarta tarayyar Amurka a 1821. Garin St. Petersburg na cikin labarin ƙirƙira ce, amma an gina shi a kan Hannibal, garin bakin kogi inda Twain ya tashi, wanda sunansa na yanka Samuel Clemens, haifaffen 1835. A tsallaken kogin akwai jihar Illinois wadda ba ta halatta bauta ba, kuma sabon mai karatu yakan tambaya me ya hana Jim ƙetarawa kawai ya huta. Abin da ya hana shi shi ne dokar tarayya ta 1793 wadda ta ba ubangijin bawa damar kamo gudajjen bawansa ko a wace jiha yake, ga kuma masu farautar ladan kamu a duk bakin gaɓar. Shi ya sa shirin su biyun ya zama su gangara har Cairo, wani ƙaramin gari a ƙarshen Illinois inda kogin Ohio ya haɗu da Mississippi (ba Alƙahira ta Masar ba), su sayar da gadon katakonsu, su hau jirgin ruwa mai tururi su bi Ohio zuwa can cikin jihohin da babu bauta. Ka zana wannan taswira a takarda kafin ka fara karatu, ka sa kibiya mai nuna cewa Mississippi kudu yake gangarawa, domin duk abin da ya biyo bayan babi na 16 a kan wannan kibiya yake rataye.

A zamani na biyu kuwa, an riga an yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, an soke bauta a tsarin mulki a 1865, sannan a 1877 gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kare baƙaƙen fata a jihohin kudu, aka shiga ƙwace musu haƙƙoƙin da aka ba su a takarda. Twain ya fara rubutun a 1876, ya kammala a 1883. Ka ajiye wannan a gefe, za ka buƙace shi idan ka zo ƙarshen littafin.

Akwai kuma abin da ya kamata Bahaushe mai karatu ya kiyaye. Mun san bauta a tarihinmu, amma kada a auna ta Amurka da mudunmu, domin a ƙasar Hausa ɗan da sa-ɗaka ta haifa wa ubangijinta ɗa ne mai 'yanci, alhali a kudancin Amurka ɗa yana bin matsayin uwarsa ne ko da ubangijin ne ya haife shi, kuma baƙar fata kanta ta isa a ɗauki mutum bawa har sai ya nuna takardar 'yancinsa.

Mataki na biyu: ka raba muryar Huck da ta marubucin

Huck ne ke ba da labarin da bakinsa, yaro ne ɗan shekara 13 zuwa 14 mai ƙarancin karatu, wanda a babi na 4 yake alfahari da cewa ya iya lissafi har zuwa shida sau bakwai, wanda ya ce 35 ne. Yana faɗin abin da ya gani tsakaninsa da Allah, amma sau da yawa bai fahimci nauyin abin da ya faɗa ba, kuma a cikin wannan tazara Twain ya ɓoye gatsensa. Idan ka ɗauki duk hukuncin da Huck ya yanke a matsayin ra'ayin littafin, to za ka juya ma'anar gaba ɗaya.

Abin da za ka yi shi ne ka riƙe fensir, ka sa alama a duk inda Huck ya yaba wa abin da ya tayar maka da hankali, ko ya zargi kansa a kan abin da kai ka ga alheri ne. Tun a babi na 1 za ka fara samu, inda bazawarar da ta ɗauke shi riƙo, matar marigayi Douglas, ta hana shi shan lofe a kan cewa ƙazanta ce, alhali ita tana shaƙar garin taba, sai Huck ya ce wannan kam babu laifi tunda ita ke yi. Mafi muni yana babi na 32, inda ya yi wa Anti Sally, matar mai gonar da ake tsare da Jim, ƙaryar cewa wani abu ya fashe a injin jirginsu, ta tambaye shi ko wani ya ji rauni, ya ce a'a, baƙar fata ɗaya ne dai ya mutu, ita kuma ta ce an yi sa'a, domin wani lokaci mutane sukan ji ciwo. Anti Sally mace ce mai kirki da son yara, kuma wannan kirkin nata ne ya sa maganar ta fi ciwo.

Mataki na uku: ka yi jadawalin duk inda aka sauka a tudu

Ka raba takarda gida uku, ka rubuta wurin da aka sauka, da mutanen da ake ganin girmansu a wurin, da abin da suka aikata. Wannan jadawali shi ne rumbun hujjojinka a kan abin da littafin yake nufi da wayewa.

Ka fara da gidan bazawara da 'yar'uwarta Miss Watson, wadda ta mallaki Jim, inda akwai tufafi masu tsabta, da cin abinci a kan lokaci, da addu'a, da makaranta, kuma a cikin gidan nan ne ake shirin sayar da Jim ga wani fataken bayi a kan dala 800 a kai shi New Orleans. Ka sa kotu a layi na biyu, domin sabon alƙalin da ya zo garin ya ƙi raba Huck da ubansa mashayi a kan cewa bai kamata hukuma ta raba iyali ba, a cikin al'ummar da ke raba uwa da 'ya'yanta a kasuwa kullum.

Uban Huck, wanda ake kira Pap, ya cancanci ka daɗe a kansa, domin shi ne yake rushe sauƙaƙƙiyar fassarar nan ta cewa duk abin da ke wajen wayewa 'yanci ne. Ya sace yaron ya kai shi wata bukka a daji a gaɓar Illinois, kuma Huck da kansa ya ce da farko zaman ya yi masa daɗi, ba wanka, ba littafi, sai kamun kifi da shan taba. Amma a wannan bukka ne ake kulle shi har kwana uku, ake dukan sa har jikinsa ya cika da shatar bulala, kuma a nan ne uban ya bi shi da wuƙa cikin maye. Ka lura kuma da doguwar ɓaɓatun Pap a babi na 6, inda yake zagin gwamnati saboda ya ga wani baƙar fata mai 'yanci daga Ohio, malamin kwaleji, wanda aka ce yana da ikon jefa ƙuri'a. Mutumin da ya fi kowa nisa da wayewa ya ɗauko mafi munin aƙidarta ya tafi da ita daji. Huck dai gudu biyu ya yi, daga bazawara da kuma daga ubansa, shi ya sa ya yanka alade ya watsa jininsa a bukkar don kowa ya ɗauka an kashe shi.

Sai gidan Grangerford a babi na 17 da na 18, wanda shi ne ƙololuwar wayewar kudu a idon Huck. Gida ne mai agogo da littattafai da zane-zane, 'ya'ya suna miƙewa tsaye idan iyaye sun shigo, ga bayi fiye da 100. Wannan iyali sun shafe kusan shekara 30 suna kashe juna da iyalin Shepherdson, kuma da Huck ya tambayi Buck, yaron gidan sa'ansa, asalin rigimar, sai ya kasa faɗa, abin da ya sani kawai wata shari'a ce ta da can. Ranar Lahadi iyalan biyu suka zauna a coci ɗaya, bindigogi a tsakanin gwiwoyinsu ko a jingine da bango, aka yi wa'azi a kan ƙaunar ɗan'uwa, kowa ya fito yana yabon wa'azin. Washegari Huck yana kan bishiya yana kallo aka harbe Buck a bakin ruwa.

Sauran ka bi su da sauri amma kada ka bar su: Kanar Sherburn da ya harbe mashayi Boggs da rana tsaka a wani gari na Arkansas sannan ya kori taron da suka zo rataye shi da magana kawai, da mutanen garin iyalin Wilks da suka rungumi 'yan damfara suka ƙi jin likitan da ya gano su, da bayin gidan Wilks da aka sayar, uwa zuwa New Orleans, 'ya'yanta maza biyu zuwa Memphis.

Idan ka gama da tudu, ka juya takardar ka yi wa kogin irin wannan bincike, domin a nan ne yawancin ɗalibai suke sakaci. Gaskiya ne a ƙarshen babi na 18 da farkon na 19 akwai shafuka masu daɗi inda su biyun suke zaune tsirara suna musu a kan ko taurari yin su aka yi ko haka kawai suka samu. Amma da dare suke tafiya, da rana suna ɓoye a cikin duhuwa. A kan kogin suka haɗu da 'yan fashi a cikin jirgin da ya lalace, a kansa hazo ya sa suka wuce Cairo ba su sani ba, a kansa jirgi mai tururi ya bi ta kan gadonsu. Daga babi na 19 kuma 'yan damfara biyu, wanda ya kira kansa Duke da wanda ya ce shi ne magajin sarautar Faransa, suka hau gadon suka mai da masu shi bayinsu, har ya zama ana ɗaure Jim da igiya duk lokacin da za a bar shi shi kaɗai. An gudu ba a tsira ba ke nan, kuma kowace safiya ruwan yana ƙara kusantar da Jim ga kasuwar da ya gudu don kada a kai shi.

Mataki na huɗu: ka auna 'yancin Huck da na Jim daban-daban

Huck yana gudun takura ne da duka. Idan aka kama shi, abin da zai same shi shi ne a mai da shi makaranta ko hannun ubansa, kuma yana da dala 6,000 a ajiye wajen Alƙali Thatcher. Jim kuwa an sa ladan dala 300 a kansa, kuma abin da yake nema shi ne ainihin abubuwan da Huck yake gudu: gida, da iyali, da aiki, da matsayi a gaban doka. A babi na 16 ya bayyana shirinsa cewa idan ya isa ƙasar 'yanci zai yi aiki ya tara kuɗi ya fanshi matarsa, sannan su biyu su fanshi 'ya'yansu biyu. A babi na 23 Huck ya farka ya same shi yana kuka a kan iyalinsa, ya ba da labarin ranar da ya mari 'yarsa ƙarama don ta ƙi rufe ƙofa, bai san zazzaɓin da ta yi ya kurmantar da ita ba. Ba wayewa Jim yake ƙi ba, ita ce ta ƙi shi, kuma muƙalar da ta haɗa su biyun a jimla ɗaya a matsayin masu neman 'yanci ta shafe wannan bambanci.

Mataki na biyar: ka karanta babi na 15 da 16 da 31 sau biyu

A waɗannan babuka uku ne za ka ga cewa wayewar da Huck ya baro a tudu tana nan zaune a cikin lamirinsa. A babi na 15, bayan hazo ya raba su sun sake haɗuwa, Huck ya yi wa Jim wasan cewa mafarki ya yi. Da Jim ya ga ganyaye da karyayyen matuƙi a kan gadon ya gane, sai ya gaya masa cewa shara su ne mutanen da ke kunyata abokansu. Huck ya ce sai da ya yi minti 15 kafin ya iya ƙasƙantar da kansa ya ba baƙar fata haƙuri, amma ya yi, kuma bai taɓa nadama ba.

A babi na 16 lamirin nasa ya fara cin sa, yana ce masa me Miss Watson ta yi maka da za ka bari dukiyarta ta gudu. Ya shiga kwale-kwale da niyyar tona asirin Jim, amma da ya haɗu da mutum biyu masu bindiga suna neman gudaddun bayi, sai ya sa su zaci ubansa ne a kan gadon yana fama da agana. Kowannensu ya ajiye masa dala 20 ta zinariya a kan katako suka yi nesa, suna ba shi shawarar yadda zai yaudari mutanen gari na gaba. Huck ya koma yana jin ya yi laifi.

Babi na 31 shi ne zuciyar littafin. Ɗan damfarar nan mai da'awar sarautar Faransa ya sayar da Jim a kan dala 40, Huck ya yi ƙoƙarin addu'a ya kasa, ya rubuta wa Miss Watson wasiƙa yana gaya mata inda bawanta yake, ya ji kamar an wanke shi daga zunubi. Sai ya tuna yadda Jim yake karɓar masa gadi don ya ƙara barci, da yadda ya ce masa shi kaɗai ne abokin da ya rage masa a duniya, sai ya yayyaga wasiƙar ya ce to shi ke nan, ya yarda ya shiga wuta. Abin da za ka jaddada a nan shi ne Huck bai taɓa cewa bauta zalunci ce ba. Ya yi imani cewa al'umma ce ke da gaskiya shi ne lalatacce, kuma da wannan imanin ya zaɓi abokinsa. Twain da kansa ya bayyana littafin a 1895 a matsayin karo tsakanin lafiyayyar zuciya da gurɓataccen lamiri, inda lamirin ya sha kaye. Kada kuma ka wanke Huck fiye da yadda littafin ya wanke shi, domin a babi na 40, lokacin da yake son yabon Jim, abin da ya iya cewa shi ne dama ya san fari ne a ciki.

Mataki na shida: ka ɗauki matsaya a kan ƙarshen

Daga babi na 33 Tom Sawyer, abokin Huck, ya dawo ya karɓe ragamar labarin. Jim yana tsare a wata bukka a gonar Phelps, mijin Anti Sally, sarƙarsa a maƙale da ƙafar gado wadda ɗagawa kawai za a yi a zare, amma Tom ya nace sai an bi tsarin littattafan da ya karanta: a haƙa rami da wuƙaƙe, a gasa tsanin igiya a cikin burodi, a cika ɗakin da ɓeraye da macizai, a aika wasiƙun gargaɗi har manoma 15 suka taru da bindigogi. Aka harbi Tom a ƙafa, Jim ya fasa gudu ya tsaya taya likita jinyarsa, aka sake sa masa sarƙa. Sai a babi na 42 Tom ya faɗi abin da ya sani tun farko, cewa Miss Watson ta mutu wata biyu da suka wuce ta kuma 'yanta Jim a wasiyyarta, sannan a babi na ƙarshe ya ba shi dala 40 ladan haƙurinsa, daidai kuɗin da aka sayar da shi.

Manazarta sun daɗe suna jayayya a kan wannan. Ernest Hemingway, wanda a 1935 ya ce daga wannan littafi adabin Amurka na zamani ya samo asali, ya ba da shawarar a tsaya inda aka sace Jim. T. S. Eliot da Lionel Trilling sun kare ƙarshen ta fuskar tsari, Leo Marx kuma a 1953 ya ce marubucin ya kauce wa tambayar da ya tayar. A nawa ganin, fassarar da ta fi ƙarfi ita ce wadda ta koma ga 1877, domin labarin mutumin da doka ta riga ta 'yanta amma ana ci gaba da tsare shi ana wasa da rayuwarsa ya yi kama ƙwarai da halin da baƙaƙen fata suke ciki a shekarun da Twain yake rubutu. Duk da haka ba laifi ba ne ka ce babukan sun yi tsawo kuma sun mai da Jim abin dariya, matuƙar ka nuna ka san ɗaya hujjar.

Ka duba kuma jimlolin ƙarshe, inda Huck ya ce zai gudu yankin yamma da ba a mai da shi jiha ba tukuna, kafin Anti Sally ta ɗauke shi riƙo ta wayar da shi. Wannan yanki shi ne inda aka tura ƙabilun asali na Amurka bayan dokar kora ta 1830, wanda yau yake cikin Oklahoma, saboda haka ko nan ba fili ba ne da hannun al'umma bai kai ba.

Mataki na bakwai: ka zauna ka rubuta

Ka fara da matsaya a jimla ɗaya wadda wani zai iya musantawa. Cewa littafin yana magana a kan 'yanci da wayewa ba matsaya ba ce, domin babu mai gardama a kai. Cewa kogin bai 'yanta kowa ba kuma wasiyyar mai bayi ce ta 'yanta Jim, wannan matsaya ce, haka ma cewa babban kurkukun Huck lamirinsa ne. Ka zaɓi wurare uku ko huɗu daga jadawalinka waɗanda suka fi goyon bayan matsayar, ka ba kowanne sakin layi, ka ambaci lambar babi maimakon lambar shafi tunda bugun littafin suna da yawa. Kada ka sake ba da labarin daga farko, malaminka ya karanta shi, abin da yake nema shi ne abin da ka gani a ciki. Ka ware sakin layi guda ga hujjar da ta fi ƙarfi a kan matsayarka, ka amsa ta da gaskiya.

Saura batun harshe. An rubuta littafin da karin maganar talakawan yankin, abin da ya sa ɗakin karatu na Concord a Massachusetts ya cire shi daga kantocinsa a 1885 a kan cewa bai dace da mutanen kirki ba, kuma idan maganar Jim ta yi maka wuyar ganewa a rubuce, ka karanta ta da ƙarfi za ka ji ta warware. Kalmar cin mutuncin baƙaƙen fata ta bayyana fiye da sau 200 a cikinsa, wadda ita ce dalilin da ya sa har yau ake cire shi daga wasu makarantun Amurka. A muƙalarka kada ka yi amfani da ita da bakinka, idan kuma dole ne ka kawo jimlar da take ciki, ka tambayi malaminka tsarin da sashenku yake bi kafin ka miƙa aikin.